Dakoro: Shin na'urar hana kare haushi za ta yi amfani a ƙasar makiyaya?

A manyan biranen Turai da Amurka, haushin kare na cikin abubuwan da ke haɗa maƙwabta rigima, wani lokaci har a dangana da hukuma. Wannan ne ya sa kamfanoni suka ƙera wani maɗaurin wuya mai batir, wanda ke horon kare nan take da zarar ya ɗaga murya. A yau ana sayar da shi a shafukan cinikin intanet irin su Amazon da AliExpress, bidiyoyin tallarsa kuma na yawo a Facebook da TikTok, inda duk mai babbar waya a Maraɗi ko Dakoro zai iya cin karo da su.

Ga mutumin da karen maƙwabcinsa ya hana shi barci, irin wannan talla na da daɗin ji. Sai dai a Dakoro da kewayenta, yawancin masu kare saboda haushin nan suke ciyar da shi. Shi ke sanar da makiyayi cewa dila ya doso 'yan raguna, shi ke tashin mai gida idan an taɓa turken shanu cikin dare. Saboda haka tambayar da ke gaban mazauna yankin ita ce yadda za a rage haushin da ya zama fitina ba tare da an rasa wanda ke tsaron dukiya da rai ba.

Inda gona da kiwo suka yi iyaka

Garin Dakoro na arewacin jihar Maraɗi, kimanin kilomita 120 daga birnin Maraɗi, kuma ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar na da mutum sama da 600,000. Hausawa manoma, Fulani da Buzaye ne ke zaune a cikinta. A wannan yanki ne ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo. Tun 1961 Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma Kwarin Tarka, wanda ya ratsa yankin, na cikin wuraren da aka fi sani a kan wannan iyaka. Idan aka ƙara yin arewa sai Bermo, da gandun dajin Gadabeji wanda aka keɓe tun 1955.

Duk inda garke yake a wannan ƙasa, da wuya a rasa kare a gefensa. Ruga ba ta da katanga ko ƙyaure, makiyayi kuma ba zai kwana ido biyu kullum ba. Karen da ke kwance kusa da 'yan maruƙa yana jin motsin da kunnen mutum ba ya kamawa, yana kuma shaƙar warin baƙo tun daga nesa. Satar dabbobi tsohuwar matsala ce a Sahel, kuma ta ƙara tsananta a kudancin jihar, a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji da ke iyaka da Najeriya, inda 'yan bindiga ke kora shanu da sace mutane don neman kuɗin fansa. A irin wannan yanayi, babu mai garken da zai so karensa ya koyi yin shiru.

Manoma ma sun san darajarsa. Karin maganar da ke cewa maganin biri karen Maguzawa daga bakin gona ta fito. Mafarauta kuwa, idan rani ya yi, da karnukansu suke fita daji.

Akwai kuma wani abin da mutane da dama ba su sani ba. Siririn karen nan mai dogayen ƙafafu da ake gani a wajen Buzaye da sauran makiyayan Sahel ya yi suna a duniya. Turawa sun raɗa masa sunan Azawak, wato kwarin da ya ratsa tsakanin Nijar da Mali. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin jinsunan da ta amince da su. Abin da aka san shi da shi, ban da gudu, shi ne tsananin kishin gida da rashin sabo da baƙo. Halin da makiyaya suka daɗe suna nema a jikinsa ke nan.

Yadda na'urar ke aiki

Maɗaurin ɗan ƙaramin akwati ne da ake ɗaurawa a maƙogwaron kare. Wasu na ɗauke da makirfo mai jin sauti, wasu na jin girgizar maƙogwaro, wasu kuma sun haɗa biyun. Da zarar ta gane an yi haushi, sai ta mayar da martani. Iri huɗu ne suka fi yawa a kasuwa.

Na farko yana sakin wutar lantarki ta wasu ƙarafa biyu da ke taɓa fatar wuya, kuma a wasu samfuran ƙarfin wutar na ƙaruwa idan kare ya ci gaba. Na biyu girgiza yake yi kamar ta wayar hannu. Na uku yana fesa wa kare wani ruwa mai ƙamshin lemo a ƙarƙashin hanci, wanda ake kira sitronela, ana samunsa daga wata ciyawa dangin wadda ake sa wa shayi. Na huɗu yana fitar da wata siririyar ƙara da ta fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, amma kare na jin ta sarai, domin jinsa ya ninka na mutum fiye da sau biyu wajen kama siraran sauti.

Dabarar duka ɗaya ce: a sa kare ya haɗa haushi da abin da ba ya so, har ya daina. Na'urar ba ta tambayar dalilin haushin. Wanda aka yi wa ɓarawo da wanda aka yi wa jakin maƙwabci duk ɗaya ne a wajenta.

Masu binciken halayyar dabbobi kuwa sun nuna ba ɗaya ba ne. A 2005 wasu masana a Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest a ƙasar Hungary sun kunna wa mutane muryoyin wani jinsin karen kiwo da aka naɗa a yanayi daban-daban. Sun gano cewa masu sauraro, har da waɗanda ba su taɓa ajiye kare ba, na iya bambanta haushin da aka yi wa baƙo da na karen da aka bari shi kaɗai da kuma na wasa. Makiyayin Tarka bai buƙaci jami'a ta gaya masa wannan ba. Daga kan shimfiɗarsa yakan gane ko ya ɗauki sanda ya fita ko ya gyara kwanciya.

Abin da bincike da dokoki suka ce

A 1996 likitocin dabbobi a Jami'ar Cornell ta Amurka sun gwada maɗaurin lantarki da na feshi a kan wasu 'yan karnuka masu yawan haushi. Masu karnukan sun fi gamsuwa da na feshin, wasu karnukan kuma sun ci gaba da haushinsu duk da wutar. A 2014 Jami'ar Lincoln ta Ingila ta fitar da sakamakon wani bincike da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, a kan maɗaurin lantarkin da mai horo ke dannawa daga nesa. An gano bai fi horo ta hanyar ba da lada tasiri ba, karnukan da aka sa wa shi kuma sun fi nuna alamun damuwa.

Saboda irin waɗannan dalilai, ƙasashe da dama sun hana amfani da na lantarkin. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi a 2010, kuma a shekarar da ta biyo baya wata kotu ta ci tarar wani mutum fam 2,000 saboda ya ɗaura wa karensa. Jamus, Ostiriya da Denmark ma sun hana, Holland kuma ta bi sahu daga farkon 2022. A Amurka har yanzu ana sayar da shi a fili, masu goyon bayansa na cewa ya fi a kori mutum daga gidan haya ko a rabu da karen baki ɗaya.

Ko an ajiye batun tausayi a gefe, akwai matsalolin da yanayin Dakoro zai ƙara wa na'urar. Kamfanonin da ke ƙera ta da kansu na gargaɗin kada ta wuce awa 12 a wuyan kare a rana, domin ƙarafan na iya cin fata su zama gyambo. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga ƙura ga ƙuda ga kaska, ƙaramin rauni a wuya ba ya jimawa yake ruɓa. Mai makirfo kuwa tana iya horon kare saboda haushin wani karen da ke kusa, alhali a ƙauyukanmu idan ɗaya ya fara, duk na unguwa ne ke amsawa. Mai feshi tana buƙatar a riƙa sake cika ta da ruwan da ba a nan ake yin sa ba, wasu karnukan ma sukan saba da ƙamshin. Batir kuma sai an yi masa caji.

Babban haɗarin shi ne abin da kare zai koya. Idan duk lokacin da yaro ya gifta ya yi haushi wuta ta kama shi, yana iya ɗaukar cewa yaron ne ke jawo masa azabar. Haushi da gurnani gargaɗi ne kafin cizo. Karen da aka hore shi ya daina gargaɗi bai daina jin tsoro ko fushi ba, sai dai mai wucewa ya rasa alamar da za ta sa ya ja da baya.

A cikin gari matsalar take

Duk da haka, ba za a ce masu kuka da haushin kare ba su da gaskiya ba. A ruga, tazara ce tsakanin wannan gida da wancan. A cikin garin Dakoro, ko Kornaka, ko unguwannin Maraɗi, katanga ɗaya ce ta raba mai kare da marar lafiya, da mai jego, da ɗalibin da ke shirin jarrabawa. A lokacin bazara kuma kowa a tsakar gida yake kwana.

Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin abubuwan da ke sa kare haushi ba ƙaƙƙautawa, kuma yawancinsu ba sa buƙatar kayan waje. Na farko shi ne ɗauri. Karen da aka halitta don ya yi tafiyar kilomitoci a bayan garke, idan aka ɗaure shi da gajeriyar sarƙa dare da rana, ƙarfin da bai ƙone ba ta baki zai fito. Na biyu yunwa da ƙishirwa. A gidaje da yawa sai abin da ya rage na tuwo ake zuba masa, ruwan shansa kuma ya wuni a rana. Na uku ciwo, ko na kaska, ko na kunne, ko tsutsar ciki. Na huɗu lokacin barbara, wanda ke tara karnukan unguwa a ƙofar gidan mai karya. Na biyar kuma kaɗaici, musamman ga ɗan kwikwiyon da aka raba da uwarsa da wuri aka jefa a kango shi kaɗai ya yi gadi.

Kowanne daga cikin waɗannan na da maganinsa. A sama wa kare inuwa da ruwa mai sanyi. A ciyar da shi da yamma don kada ya kwana da yunwa. A fita da shi ya motsa jiki da safe ko bayan la'asar, a hannun babban mutum ba yara ba. Idan abin da yake gani a titi ne ke tayar masa da hankali, a mayar da makwancinsa bayan gida ko a kare masa da zana. Fiɗiya na rage yawon barbara da faɗan da ke biyo bayansa.

Sai kuma horo. Masu horar da karnuka na koyar da wata hanya mai sauƙi: a bar kare ya yi haushi sau biyu ko uku, mai shi ya fito ya duba, ya faɗi kalma ɗaya da ba ta canzawa, idan karen ya yi shiru a ba shi ɗan abin ci. Da maimaici yakan gane cewa aikinsa ya ƙare da zarar mai gida ya fito. Tsawa da jifa ba sa kawo wannan sakamako, domin a wajen kare mai tsawa ma taya shi haushi yake yi. Horon ya fi kamawa tun yana ɗan kwikwiyo, kuma Hausawa sun riga sun faɗa cewa ba a kiwon kare ranar farauta.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne ɗaure bakin kare da igiya ko matsattsen takunkumi don a samu barci. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jiki. A yanayi irin na Dakoro, rufe masa baki na iya kashe shi.

Abin da addini ya tanada

A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, batun kare ba ya rabuwa da fiƙihu. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun nuna cewa ladan mutum na raguwa kullum idan ya ajiye kare, sai dai idan na kiwo ne, ko na gona, ko na farauta. Malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan idan akwai buƙata. A littattafan Malikiyya ana ba da labarin Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, cewa ya ajiye kare a gidansa lokacin da ya ji tsoron sharrin mutane.

Ma'anar wannan ita ce an yarda da kare ne saboda aikin da yake yi. Wanda ya ajiye shi kuma ya ɗauki nauyi biyu. Akwai haƙƙin dabbar, domin sanannen hadisi ne cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda Musulunci ya tsananta a kansa. Mai karen da ya bar shi da yunwa a turke yana kuka har asuba ya tauye duka biyun.

Shi ya sa a garuruwa irin Dakoro hanyar sulhu ta gargajiya ta fi kusa da kowa. Maƙwabci ya fara yi wa mai kare magana cikin mutunci, idan abin ya ci tura a kai ga mai unguwa ko liman. Jefa wa kare guba ta kan katanga, wanda wasu ke yi idan haƙuri ya ƙare, yana jawo gabar da ke daɗewa, gubar kuma tana iya kaiwa ga kaji, awaki, ungulaye, har da yara.

Cizon ya fi haushin haɗari

Idan akwai abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi a wuyan kare a wannan yanki, allurar rigakafin ciwon haukan kare ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ake kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira.

A nan ma muryar kare na da amfani. Cikin alamun haukan kare akwai canjin murya, inda haushin ke dishewa saboda cutar ta taɓa jijiyoyin maƙogwaro, tare da dalalar miyau, cizon duk abin da ya gani, ko kuma sanyin jiki na ba gaira ba dalili. Mai karen da ya san muryar dabbarsa zai iya lura da wuri ya killace ta.

Shawarar masana lafiya ga wanda kare ya ciza ita ce a wanke raunin nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti don karɓar allurai, ko da raunin ƙarami ne. Kada a tsaya jiran ganin alama. Karen kuma, idan an san mai shi, a tsare shi a sa masa ido na kwana 10 zuwa 15 tare da sanar da ma'aikatan kiwo.

Hukumar ta kuma bayyana cewa kisan gillar karnuka ba ya kawar da cutar, domin wasu ne ke maye gurbinsu. Abin da ke aiki shi ne yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi. An gwada haka a maƙwabciyar ƙasa Chadi, inda aka yi gangamin allura a birnin Njamena a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, yaɗuwar cutar kuma ta tsaya na wani lokaci. A 2015 hukumomin duniya suka sa burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare nan da 2030, kuma kowace ranar 28 ga Satumba ake tunawa da yaƙi da cutar.

Dakoro na da abin da za ta gina a kai. Tana cikin wuraren da aka fara gwada tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya a Nijar, inda likita ɗaya ke aiki da mataimaka da aka horar a ƙauyuka da rugage. Makiyayan yankin sun saba kai shanu, raƙuma da tumaki wajen allura duk shekara, ƙungiyoyinsu irin su AREN kuma na da hanyar isar da saƙo har cikin daji. Karen da ke tsaron wannan dukiya shi ne galibi ake mantawa da shi ranar allura.

Ga mazaunin gari da ke tunanin yin odar maɗauri daga waje, lissafin a bayyane yake. Kuɗin na'urar da na jigilarta zai iya biyan allurar rigakafi, maganin kaska, kwanon ruwa da 'yar rumfar zana. Idan an yi waɗannan haushin bai ragu ba, mataki na gaba shi ne a kai karen wajen likitan dabbobi ya duba ko akwai ciwon da ke damunsa, ko kuma a mayar da shi ruga ko gona, inda akwai fili da aikin da ya dace da shi.